FILIN MANOMA: Ƙullutan Saiwar Wake Ba Cuta Ba Ne

Yau maganarmu a ƙarƙashin ƙasa take. Duk wanda ya taɓa tuge gindin wake ko na gyaɗa da damina, ya kakkaɓe ƙasar da ke jikinsa, lalle ya ga waɗansu 'yan ƙullutai manne da saiwoyin, waɗansu kamar ƙwayar gero, waɗansu kamar ta dawa, waɗansu ma sun fi haka girma. Da yawa daga cikin manomanmu ba su damu da su ba, waɗansu kuwa ɗauka suke yi wani ciwo ne ya kama shukar. Alhali kuwa ɗakuna ne shukar ta gina da kanta, ta sauki waɗansu baƙi a ciki, tana ci da su, su kuma suna biyanta da irin takin nan da manomi kan sayar da akuyarsa domin ya saya. A wannan zamani da kuɗin buhun taki ke neman gagarar talaka, ya kamata kowane manomi ya san ko su wane ne baƙin nan, ya san abin da ke kawo su da abin da ke korarsu. Gama akwai masu korarsu da hannunsu, da kuɗinsu kuma, ba su sani ba.

Bari mu soma daga tushe. Cikin abubuwan da shuka ke ci daga ƙasa, babu wanda rashinsa ya fi addabar gonakinmu kamar sinadarin da masana ke kira naitirojin. Shi ke sa ganye ya yi kore shar, shi ne kuma ginshiƙin furotin, watau abin gina jiki da ke cikin wake da nama da madara. In ka ga masara ta tsumbure, ganyenta na ƙasa ya soma rawaya, to galibi yunwarsa take ji. Abin mamaki shi ne, sinadarin nan ba wuya gare shi ba a duniya. Kashi 78 cikin 100 na iskar nan da muke shaƙa shi ne, kuma in aka yi lissafi, iskar da ke bisa kadada ɗaya tak tana ɗauke da kimanin tan 78,000 nasa. Amma ga ƙoshi ga kwanan yunwa, domin gero da dawa da masara ba su iya cin ko ɗigo daga ciki. Dalili kuwa, a cikin iska ƙwayoyinsa biyu-biyu suke, a ɗaure tamau da juna, sai an kwance ɗaurin nan kana shuka ta iya amfani da shi.

Ɗan Adam bai sami dabarar kwance shi yadda zai wadatar ba sai a 1909, sa'ad da wani Bajamushe mai suna Fritz Haber ya gano hanya, Carl Bosch kuma ya mai da ita masana'anta a 1913. Hanyar tana bukatar zafi na digiri 400 zuwa 500, da matsi mai tsananin gaske, da iskar gas mai yawa. Da ita ake yin takin yuriya har gobe, a masana'antar Indorama da ke Eleme, da ta Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022, da sauran na duniya duka. To, aikin nan da manyan injuna ke yi da wuta da ƙugi, akwai wata 'yar halitta da ido ba ya gani, tana yinsa shiru cikin sanyin ƙasa, a saiwar wake.

Manoma sun daɗe da sanin cewa wake na gyara gona. Kakanninmu ba su karanta a littafi ba, amma sun san gonar da aka yi gyaɗa bara takan ba da dawa mai kyau bana, shi ya sa suke juya shuka, suke kuma ratsa wake cikin gero. Dalilin abin ne ya ɓuya, har ga masana. A 1838 wani Bafaranshe, Boussingault, ya auna ya ga cewa dangin wake suna tara naitirojin fiye da abin da ƙasa ta ba su, amma aka yi ta gardama shekara da shekaru kan inda ƙarin ya fito. Waɗansu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, su suka raba gardamar a 1886. Sun shuka hatsi da wani irin wake na ƙasarsu cikin rairayin da babu taki a cikinsa. Hatsin bai yi girma ba sai gwargwadon takin da aka ba shi. Waken kuwa, wanda aka zuba wa ɗan ruwan da aka jiƙa ƙasar gona a ciki, sai ya yi ƙullutai ya bunƙasa ba tare da taki ba. Da aka tafasa ruwan kafin a zuba, babu ƙullutu, babu girma. Ashe wani abu mai rai ne a cikin ƙasa ke wannan aiki. Bayan shekara biyu, a 1888, wani mutumin Holan, Beijerinck, ya ware halittar daga cikin ƙullutu ya rene ta ita kaɗai, a 1889 kuma aka raɗa mata suna Raizobiyam.

Bakteriya ce, watau dangin ƙwayoyin nan da likitoci ke gargaɗinmu a kansu. Sai dai kada jin haka ya tsorata mai karatu. Masu sa cuta kaɗan ne cikin wannan babbar zuriya. Wadda ke mai da madara kindirmo, da wadda ke nunar da daddawa, duk bakteriya ne.

Yadda baƙuwar nan ke shiga saiwa abin a tsaya a duba ne, domin ba kutse take yi ba. Akwai sallama, akwai amsawa. Sa'ad da shukar wake ta ji yunwar naitirojin, sai saiwarta ta riƙa tsatso waɗansu sinadarai cikin ƙasa, kamar mai sanar da matafiya cewa akwai masauki. Ba kowace ƙwaya ke gane wannan kira ba, sai wadda ta dace da wannan shuka. Ita kuwa in ta ji, sai ta mai da amsa da wani sinadari nata, wanda masana a Tulus ta ƙasar Faransa suka gano ƙirarsa a 1990. In amsar ta yi daidai da wadda saiwar ke jira, sai abubuwa biyu su faru tare. A waje, ɗaya daga cikin 'yan gashin nan masu laushi da ke jikin saiwa ya lanƙwashe kamar ƙugiya, ya rungume ƙwayoyin. A ciki kuma, tsokar saiwar ta soma ninkuwa tana kumbura, watau an fara ginin ɗaki tun baƙo yana bakin ƙofa. Sa'an nan shukar ta haƙa wani siririn rami kamar zare, daga gashin nan har cikin tsoka, ƙwayoyin su bi ta nan suna hayayyafa, har su isa ɗakin. Can ma ba a sake su sakaka ba, kowane rukuni a naɗe yake cikin wata 'yar fata da shukar ta yi masa. A nan suke sauya kama, su daina yawo, su kama aikin ɗebo naitirojin daga iskar da ke ratsa ƙasa suna mai da shi abin da shuka ke ci.

Haka abin yake ga wake da waken suya. Gyaɗa tata hanyar dabam ce. Ita ba ta lanƙwasa gashi, ƙwayoyin kan shiga ta 'yar tsagar da ke samuwa a inda ƙaramar saiwa ta ɓullo daga jikin babba. Shi ya sa in ka duba gyaɗa za ka tarar ƙullutanta ƙanana ne, masu yawa, a zaune a hammatar saiwoyi.

Masu karatu da suka san fatauci sun san fatoma, wanda kan sauki baƙon ɗan kasuwa, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya sami la'adarsa daga cinikin. To haka shukar wake take. Sukarin da ganyenta ke haɗawa daga hasken rana, wani kaso mai kauri daga ciki gangarawa yake yi zuwa ƙullutan, domin kwance ɗaurin naitirojin aiki ne mai cin ƙarfi ƙwarai. Akwai kuma wata matsala da mai masaukin ke warware wa baƙon nata. Makamin da ƙwayoyin ke aiki da shi, iskar oksijin na lalata shi nan take, ga shi kuwa su kansu ba su rayuwa sai da numfashi. Sai shukar ta cika ɗakin da wani jan sinadari mai kama oksijin ya riƙe, yana sakar musu kaɗan-kaɗan gwargwadon bukata. Wani masani ɗan Japan, Kubo, shi ya gano shi a 1939, kuma ɗan'uwan sinadarin nan ne da ke sa jinin mutum ya yi ja.

Wannan ja shi ne awon da kowane manomi zai iya yi ba tare da madubin likita ba. Sa'ad da wake ya soma fure, ka je gona da fartanya ko wuƙa, ka haƙo gindi uku ko huɗu daga wurare dabam-dabam. Haƙowa za ka yi, ba fizgowa ba, domin in ka fizga ƙullutan kan tsinke su zauna a ƙasa. Ka wanke saiwar a hankali cikin ƙwarya, ka ciri ƙullutu ka fasa da farce. In cikinsa ja-ja ne kamar ɗanyen nama, to aiki na tafiya. In fari ne, ko dai bai gama nuna ba, ko kuwa baƙon cima-zaune ne, yana cin tuwo ba ya kawo kome. In kore ne ko baƙi-baƙi, ya tsufa ya ajiye aiki, abin da ba laifi ba ne in shukar ta kusa girbi, amma abin damuwa ne in tana ƙuruciya. Manya-manyan ƙullutai jajaye a kusa da gindi sun fi tarin ƙanana farare da suka watsu a bakin saiwoyi.

A nan akwai abin lura. Akwai wani kumburin saiwa wanda shi kam ciwo ne, waɗansu tsutsotsi ne ƙanana ƙwarai ke haddasa shi, masu noman tumatir da kuɓewa a fadama sun san shi sarai, yakan kuma kama wake. Bambancinsu ba wuya. Ƙullutun kirki a gefen saiwa yake zaune, in ka murza shi da yatsa sai ya ɓalle ya bar saiwar lafiya. Na ciwo kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura ta yi ƙulli-ƙulli, ba ya ɓalluwa sai ka karya ta, cikinsa kuma babu jan nan.

Shuka ba ta da baki, amma ta iya lissafi. A 2003 waɗansu masana a Amurka, Toby Kiers da Ford Denison da abokan aikinsu, suka yi wani gwaji mai ban sha'awa da waken suya. Suka kewaye waɗansu ƙullutai da iskar da aka cire wa naitirojin, yadda ƙwayoyin ciki ba su da abin da za su biya da shi ko da sun so. Sai aka ga shukar ta rage musu iskar numfashi, ƙullutan ba su yi girma kamar 'yan'uwansu ba, hayayyafar ƙwayoyin ta ragu da kusan rabi. Watau fatoma ya gane baƙon da ba ya kawo la'ada, ya rage masa tuwo. Har ila yau, shukar kan ƙidaya ɗakunanta. In ta gina gwargwadon abin da za ta iya ci da shi, sai saƙo ya tafi daga saiwa zuwa ganye ya komo, a tsai da sabon gini.

Daga wannan lissafi nata ne kuskuren da manoma da yawa ke yi ya samo asali. Mutum ya sayi yuriya domin masararsa, ya ga yadda ta yi kore, sai ya ce bari in kyauta wa waken ma. To, in shukar wake ta tarar da naitirojin a yalwace cikin ƙasa, me zai sa ta ci da baƙi? Sai ta daina kira, ta ƙi gina sababbin ɗakuna, waɗanda ta riga ta gina kuma su yi sanyi. Manomi ya biya kuɗi ya sayi abin da dā kyauta zai samu, sau da yawa kuma waken ya tafi ga yaɗo da ganye. Abin da malaman gona suka yarda da shi shi ne ɗan kaɗan a lokacin shuka, in ƙasar ta gaji ƙwarai, kamar kilo 15 zuwa 20 na naitirojin a kadada, domin ya riƙe tsiron cikin makonni biyu ko uku na farko kafin ƙullutai su kama aiki. Buhu 2 na kamfa mai lamba 15-15-15 sun ba da kilo 15 ke nan. Abin da ya wuce wannan, a kai wa masara, ita ce ba ta da baƙo.

Takin da dangin wake ke kuka da rashinsa a ƙasarmu shi ne fosfaras, wanda ke cikin supa. Ƙasar Arewa mai jigawa ba ta da shi da yawa, ƙullutu kuwa ba ya ginuwa, ba ya aiki, sai da shi. Ba sabon zance ba ne. Tun zamanin dalar gyaɗa a Kano, supa malaman gona ke cewa a zuba wa gyaɗa, don haka ma aka gina masana'antarsa a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1976. Ga gyaɗa riba biyu ce, domin supa na ɗauke da sinadarin alli da farar wuta, waɗanda ke taimakon kwanso ya cika. Buhu 3 zuwa 4 a kadada shi ne abin da aka saba faɗi, amma kowa ya tuntuɓi malamin gonar yankinsa, gama ƙasa ba ɗaya ba ce. Ban da rashin fosfaras, ƙullutai ba su son fari, ba su son kwanciyar ruwa mai toshe musu iska, ba su kuma son ƙasa mai tsami. Dogon gwajin taki da aka soma a Samaru ta Zariya tun 1950 ya nuna cewa zuba takin naitirojin na zamani shi kaɗai, shekara bayan shekara, ba tare da takin gargajiya ba, yana tsamama ƙasa.

Sai maganar dacewa, wadda ita ce ta fi shafar masu noman waken suya, ga su kuwa suna ƙaruwa tun da awara ta shiga kowace unguwa, masu kiwon kaji kuma suka matsa da nema. Wakenmu na gida ɗan ƙasa ne, a nan Afirka aka fara nomansa, ƙasarmu cike take da ƙwayoyin da suka san sallamarsa. Shi ba ya zaɓen baƙo. Gyaɗa da gurjiya ma galibi sukan sami abokan zama cikin wannan taro. Waken suya kuwa daga ƙasar Sin ya fito, kuma irin da aka kyautata a Amurka zaɓe gare shi, ba ya buɗe ƙofa sai ga baƙin da ya saba da su, waɗanda babu su a yawancin gonakinmu. Sai ka ga an shuka iri mai kyau, ya fito ya yi rawaya, in an haƙo saiwa babu ƙullutu ko ɗaya.

Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasashe masu zafi, watau IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, ta bi wannan matsala ta wata hanya mai hikima. Wajen ƙarshen shekarun 1970 masananta suka lura cewa wani tsohon iri mai suna Malayan, wanda mutanen ƙasar Tibi a Binuwai suka daɗe suna nomawa, yana yin ƙullutai da ƙwayoyin ƙasarmu ba tare da an kawo masa na waje ba. Sai suka yi ta barbarar irin waɗannan da na Amurka masu yawan 'ya'ya, har suka fid da jerin irin da sunansu ke farawa da TGx, irin su TGx 1448-2E da manoman Kaduna da Kano suka sani. A lokacin an yi haka ne domin babu hanyar da za a kai wa ƙaramin manomi ƙwayoyin a ƙauyensa.

Amma ɗaya hanyar ma tana nan, ta kuma girme ta. Tun 1896 waɗansu Jamusawa, Nobbe da Hiltner, suka fara sayar da ƙwayoyin nan a kasuwa domin a shafa wa iri. Yau a cikin 'yar leda suke zuwa, gauraye da wani baƙin gari mai laima, IITA ma ta fito da nata na waken suya mai suna NoduMax. Wani shiri da ake kira N2Africa, wanda Jami'ar Wageningen ta Holan ta jagoranta daga 2009 zuwa 2019, ya gwada abin a gonakin manoma da yawa a jihohin Kaduna da Kano cikin damunar 2011 da ta 2012. In aka ɗauki matsakaici, shafa ƙwayoyin kaɗai ya ƙara kusan kilo 450 na waken suya a kadada, supa kaɗai ma ya ƙara kamar haka, haɗa su biyun kuwa ya ƙara kusan kilo 780. Ku lura, irin TGx ne aka shuka, wanda aka ce ba ya zaɓen baƙo, duk da haka da aka kawo masa ƙwararren baƙo ya fi ba da amfani. Gaskiya ne ba kowace gona ce ta amsa ba, akwai waɗanda ƙarin bai taka kara ya karya ba, domin in ƙasa ta mutu, ko shuka ta makara, ko ciyawa ta cinye ta, babu ledar da za ta tashe ta. Amma in aka gwada kuɗin 'yar ledar nan da na buhun taki, ban san wani abin da manomin waken suya zai saya da ya fi ta saurin mai da kuɗinsa ba. Har waken gida ma, wanda aka daɗe ana cewa ba ya bukata, gwaje-gwajen da aka yi a arewacin Gana da waɗansu zaɓaɓɓun ƙwayoyi daga Birazil sun nuna yakan ƙara amfani.

Wanda ya sami ledar, ya tuna abu mai rai ya saya. Rana na kashe shi, zafi na kashe shi, daɗewa na kashe shi. Ya duba ranar ƙarewar aikinsa a jikin ledar, ya duba ko na irin shukarsa ne, gama na waken suya dabam, na gyaɗa dabam. Kada ya saya daga tirin da ya wuni a rana a bakin kasuwa. A gida ya ajiye shi wuri mai sanyi, gindin randa ma ya isa. Ranar shuka, a inuwa, ya zuba irin cikin roba, ya yayyafa ɗan ruwan ƙaro ko ruwan sukari yadda zai yi danshi ba jagab ba, ya barbaɗa garin gwargwadon yadda aka rubuta, ya juya har kowace ƙwaya ta yi baƙi-baƙi. Ya bar shi ya sha iska kaɗan a inuwar, ya shuka ran nan cikin ƙasa mai laima, ya rufe nan da nan. Kada ya cuɗa irin da takin zamani, in kuma an riga an shafa wa irin maganin ƙwari ko na ruɓa, ya tambayi malamin gona, domin waɗansu magungunan na kashe ƙwayoyin.

Raizobiyam ba ita kaɗai ce mai amfani a gindin shuka ba. Akwai waɗansu da ba su shiga ɗaki, a tsakar gida suke, amma zamansu na ƙara yawan ƙullutai. Wata mai suna Azosfirilam tana fid da sinadarin da ke sa saiwa ta yi rassa da gashi da yawa, in gashi ya yi yawa kuwa ƙofofin shiga sun yi yawa ke nan. Waɗansu daga dangin Basilas da Sudomonas suna narkar da fosfaras ɗin da ya daskare a ƙasa, waɗansu kuma suna tare masu ruɓar da saiwa. Duk waɗannan ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi ne abincinsu, shi ya sa gonar da ke samun takin gargajiya ta fi gonar da ake ƙonewa ƙurmus kowace shekara rai.

Ƙasar da ta fi kowa cin moriyar wannan ilmi ita ce Birazil. Tun cikin shekarun 1960 wata masaniya, Johanna Döbereiner, ta dage a kan cewa a gina noman waken suya na ƙasar bisa ƙwayoyin nan maimakon takin naitirojin, aka kuwa bi shawararta. Yau Birazil ce kan gaba a duniya wajen noman waken suya, kusan ba ta zuba masa yuriya, manomanta da yawa kuma suna haɗa Raizobiyam da Azosfirilam a jikin iri ɗaya. Wata masaniyar ƙasar da ta ci gaba da wannan aiki, Mariangela Hungria, ita aka ba babbar Kyautar Abinci ta Duniya a 2025. Domin mai karatu ya gane girman abin, ga lissafi. Kowane tan 1 na waken suya na bukatar kimanin kilo 80 na naitirojin. Mai neman tan 2 a kadada yana bukatar kilo 160. Buhun yuriya mai kilo 50, kilo 23 ne kawai na naitirojin a cikinsa. Buhu 7 ke nan, in an ɗauka babu wanda ruwa ya wanke ko rana ta ɗauke, alhali sau da yawa rabi ne ke shiga shuka.

To amma kada a yi wa wake yabon da ya wuce gaskiya. Ana yawan cewa wake na ba gona taki, sai mutum ya ɗauka ko yaya ya yi, ƙasa ta ƙaru. Naitirojin ɗin da ƙullutai suka tara ba a ƙasa yake zama ba, hawa yake yi zuwa ganye, daga ganye zuwa 'ya'ya. In manomi ya girbe 'ya'yan ya kai kasuwa, ya tattare harawa kaf ya ɗaure ya sayar wa masu kiwo a birni, abin da ya bar wa gonar saiwa ce kawai da ɗan ganyen da ya kaɗe. Waken suya ya fi kowa wannan hali, domin yawancin abin da ya tara cikin 'ya'yansa yake kwashewa. Ba na cewa a bar harawa ta ruɓe a gona, na san darajarta da rani, na san kuma wani lokaci kuɗinta kan yi kusa da na waken kansa. Abin da ya kamata shi ne ta bi ta cikin tumakin gida, takinsu ya koma gonar da ta fito. Haka manoman kewayen Kano suka riƙe gonakinsu shekaru aru-aru ba hutu, da jaki da mangala. Haka nan wanda ya ratsa wake jefi-jefi a ƙarƙashin inuwar gero, kada ya sa ran geron bana zai sha wani abin kirki daga gare shi, amfanin yakan zo ne ga shukar baɗi, kuma gwargwadon yawan waken. Mai son ya ga bambanci sosai, ya yi layi huɗu na wake da layi biyu na hatsi, ko ya ware wa waken fili guda ya juya da masara shekara mai zuwa. Juyi da waken suya na da wata riba kuma, yakan ruɗi 'ya'yan ƙuduji su tsiro ba su sami abin kamawa ba, su mutu.

Af, kafin in manta, ba kowane mai kwanso ne ke da ƙullutu ba. Gawo na da su, bagaruwa ma haka, wannan na daga cikin dalilan da suka sa gero ke yin kyau a gindin gawo. Amma tafasa da tsamiya, duk da cewa masana sun lissafa su cikin dangin wake, ba su saukar baƙo.

Abin da ya rage magana ce ta hukuma. Tun daga shirin Ciyar da Ƙasa na 1976, da Juyin Noma na 1980, har zuwa shirye-shiryen da suka biyo baya, in an ce taimakon manomi, buhun taki ake nufi, shi ake rabo, shi ake rigima a kansa. 'Yar ledar da ba ta cika tafin hannu ba, ba ta da kwarjinin da za a tara jama'a a ƙaddamar da ita, saboda haka manomin waken suya na ƙauye sau da yawa ko sunanta bai taɓa ji ba. A ganina ma'aikatun gona na jihohi suna da aiki uku a nan: su sa ta isa shagunan iri kafin ruwan shuka, su tabbatar abin da ake sayarwa da rai a cikinsa ba garin gawayi ba, su kuma sa malaman gona su yi gwaji a gonar manomi, kunya goma da shafi, kunya goma babu, kowa ya zo ya gani da idonsa. Manomi ma ba sai ya jira hukuma ba, zai iya yin wannan gwaji da kansa bana, ya haƙo gindi daga kowane ɓangare in an yi fure, ya kuma auna abin da kowanne ya bayar ranar sussuka.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake adana wake a rumbu da buhu ba tare da ƙwari sun cinye shi ba.